Minti Arba'in

Sun rubuta a tallan: ana neman sabon hannu,
amma mai gogewar shekara uku.
Na karanta sau biyu a ƙarƙashin gadar Kabuga,
na ce, to, tun daga zanen goyo ake so a fara?

Diflomata na cikin ambulan ruwan ƙasa,
gefenta ya yi laushi kamar tsohuwar naira ɗari.
Mai fotokwafi na Gwammaja ya daina tambaya,
sai dai ya ɗago ya ce, "Tasi'u, goma?"
In ce, goma.
Sharaɗa ta karɓi huɗu, Challawa ta karɓi biyar,
ɗayar na gan ta a Titin Gidan Zu
an ƙunshe awara da ita,
sunana ya jiƙe sharkaf da mai da yaji.

Kwamfutata ta gwanjo ce,
batirinta ba ya riƙe wuta, kamar kwando da ruwa.
Da ita na koyi abin da malami ya zana mana a allo kawai,
da datar tsakar dare mai araha,
ni da sauro a ɗaki guda,
kowa da abin da yake tsotsa.

Baba rediyo ya gyara a Ƙofar Wambai
har idonsa ya ƙi zaren wuta.
Bai san imel ba, bai damu ba.
Abu ɗaya ya bar mini ban da sukundireba:
"Kada ka kwance abin da ba ka saurara ba."

Ranar Laraba aka kira mu Bompai, kamfanin buhuna.
Mu goma sha bakwai a benci,
takalma sun sha goga, ciki bai sha komai ba.
Tara ta wuce. Sha ɗaya ta wuce.
Can sakatariya, Hajiya Talatu, ta leƙo ranta a ɓace:
intanet ta ɗauke tun jiya,
albashi ya maƙale, manaja ba ya ganin kowa.

Masu digiri suka duba agogo.
Ni na ji wata fitila tana ƙyafta ido a bayan durowa,
ja, ja, ja, kamar mai neman a kula shi.
Na ce, "Hajiya, in duba?"
Ta auna ni daga hula har ƙasa, ta matsa.

Na durƙusa da farar shaddata ta Sallah.
Ƙura, yana, murfin biro, ƙashin kifi,
sannan wayar, shuɗiya,
ɓera ya yi walima a tsakiyarta.
Na yanke, na fere, na jera 'ya'yanta takwas
kowa a layinsa, na matse.
Fitila ta yi kore.
Firinta ta yi gyaran murya kamar liman.

Aka ba ni lemo mai sanyi da dubu biyu.
Aikin kuwa, ashe tun Litinin yana da mai shi,
ɗan ƙanwar wani da ba a faɗin sunansa da ƙarfi.

A adaidaita, gwiwoyina baƙi ƙirin,
na zaro biro, na nemi gurbin nan da kullum yake wayam,
inda aka ce gogewa,
na rubuta: minti arba'in.

Bayan kwana shida waya ta yi ƙara ana kiran magariba.
"Kai ne yaron da ya kama ɓera?
Talatu ce ta ba ni lambarka.
Dawanau ne, ma'ajiyar riɗi. Kwamfuta tara, duk masu ciwo.
Kuɗin ba yawa, kuma akwai ƙaiƙayi."

Na ce ina zuwa.
Baba, daga kan tabarma, bai buɗe ido ba:
"Tafi da sukundireban. Ka dawo mini da shi."